Shagon turin fina-finai na bayan babbar kasuwar Maraɗi: abin da ake samu da abin da ake nema a rasa

A cikin shagunan turin fina-finai da suka cika Maraɗi, waɗanda kusan kowace unguwa tana da nata tun daga Zariya har Sabon Gari, akwai guda ɗaya a bayan babbar kasuwa da nake ganin ya cancanci a yi magana a kansa a natse, domin mai shagon yana da wata ɗabi'a da ta yi ƙaranci a wurin abokan sana'arsa: ba ya share tsofaffin fina-finai don ya samar wa sababbi wuri. Mafi yawan masu turi abin da ake yayi a makon kawai suke riƙewa, da zarar kasuwarsa ta wuce sai su goge shi, ta yadda wanda ya je neman fim ɗin da aka yi shekaru ashirin da suka wuce sai dai a ba shi haƙuri. Wannan matashin kuwa ya ɗauki shekaru yana tara abin da ya samu, har ta kai ga cewa a iya yawona cikin garin nan ban ga inda ake samun tsoho da sabo a wuri ɗaya kamar wurinsa ba. Da wannan ma'aunin zan auna shi, yabo da suka duka.

Shagon ƙarami ne, benci biyu ne a ciki da kwamfuta biyu, sai tarin wayoyin haɗi da ke rataye a jikin ƙusa. Ya kafa na'urar hasken rana a kan rufi, saboda haka ko an ɗauke wuta a tsakiyar bazara aiki ba ya tsayawa. Fim guda dala 10 ne, zango guda na fim mai dogon zango kuma dala 20, kuma ana turawa a waya ko a memori, gwargwadon abin da mutum ya zo da shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani littafi mai kauri da ke ajiye a kan tebur, wanda aka rubuta sunayen fina-finai a cikinsa da hannu, an kasa su gida-gida: na Kano na da, na Kano na yanzu, fassarar Indiya, na Sin da na Amurka, sai wasu 'yan shafuka a ƙarshe da aka rubuta wa Nijar a kai. Kafin ya tura wa mutum komai yakan yi tambaya ɗaya, kuma ni ma ya yi mini ita: "Baba, wanda za ka kalla kai kaɗai kake so, ko wanda za a zauna a kalla da iyali?" Tambaya ce mai sauƙi, amma duk magidancin da ya taɓa kunna fim a gaban 'ya'yansa ya yi saurin kashewa ya san darajarta.

Ina zaune a kan benci wata rana wata dattijuwa ta shigo da wayarta ƙulle a bakin mayafi. Ba ta riƙe sunan fim ɗin da take so ba, sai ta shiga kwatance, ta ce wanda yarinyar nan take aiki a gidan sarki, ɗan sarki ya zo yana son ta, da waƙar nan da aka yi ta yi a gidajen biki. Bai ko buɗe littafin ba ya ce, "Sangaya ke nan, Inna. Yana nan, amma hotonsa ya ɗan dushe, kada ki ce wayarki ce." Ta ce ai ko da muryar ce kaɗai ta ishe ta. Ganin haka ni ma na ce a saka mini, kuma daga nan ne na koma kallon tsofaffin fina-finan Kano da na daɗe da barin su.

Sangaya ya fito a 1999 daga kamfanin Sarauniya, shekara 9 bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Ali Nuhu yana matashi sosai a cikinsa, Fati Muhammad kuma ta fito a matsayin Zubaina. A wancan lokacin kaset ne ake ɗaukowa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kafin ya iso hannunmu, kuma gidan da ke da bidiyo shi ne matattarar unguwa bayan isha'i. Da na sake kallonsa yanzu, abin da ya taɓa ni ba waƙar ba ce, ko da yake har yau tana da daɗi. Natsuwar da ke cikin maganar 'yan wasan ce ta kama ni. Ana gaisuwa a cika ta, ƙarami ya durƙusa, babba ya yi shiru kafin ya ba da amsa, kuma mai ɗaukar hoto yana barin wannan shirun ya yi tsawonsa ba tare da an yanke shi ba. Tazarar da ke tsakanin ɗan sarauta da 'yar aiki, wadda ita ce zuciyar labarin, a cikin zama da tashi da sunkuyar da kai ake ganin ta, tun kafin wani ya buɗe baki ya faɗe ta. Ba zan ɓoye aibinsa ba: sautin yana hawa yana sauka, hasken wasu fitowa bai isa ba, kuma tasirin fina-finan Indiya da ake ta kuka da shi a yau ya riga ya shiga tun a lokacin, musamman a yadda waƙa take tsayar da labari cak har sai ta ƙare. Duk da haka labarin yana da farko da tsakiya da ƙarshe, mutum ya tashi daga kansa ya san abin da aka gaya masa.

Akwai kuma wani nauyi da kallon waɗannan tsofaffin yake sauke wa mutum a zuciya, domin da yawa daga cikin fuskokin sun riga mu gidan gaskiya. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota a 2007, Hauwa Ali Dodo ita ma a hatsarin mota a 2010, Rabilu Musa Ibro kuma a ƙarshen 2014. Allah ya jiƙan su da rahama. Mai shagon ya ware wa Ibro babban gida shi kaɗai, kuma ya gaya mini cewa har yau babu makon da ba a zuwa neman sa. Na fahimci dalili da na sake kallon wasu daga ciki, saboda barkwancinsa daga bakin talaka yake fitowa, daga kasuwa da tasha da zaure, kuma mutumin ƙauyen Gobir ko na Katsinar Maraɗi yana jin sa kamar maƙwabcinsa ne yake magana.

Sababbin na Kano su ne suka fi kawo wa shagon ciniki, musamman masu dogon zango. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad duk a 2020 suka fara, kuma tun daga lokacin kasuwar ta karkata gaba ɗaya zuwa wannan salon. A nan sai an yaba wa mai shagon wajen sauri, domin kashin da aka saki da dare, da hantsi yana wurinsa, kuma yana jera su bi da bi da lambobinsu. Ci gaban da aka samu a aikin hoto da sauti a fili yake, wanda ya musanta shi bai yi adalci ba. Farkon Labarina ya burge ni ƙwarai, musamman yadda aka nuna gidan marasa hali ba tare da an mai da talauci abin dariya ko abin kunya ba, da yadda aka rubuta maganganu masu ma'ana a bakin iyaye. Damuwata da wannan salon baki ɗaya ita ce jan rai. Tun da kuɗin masu shiryawa daga tallan YouTube da na gidajen talabijin yake fitowa, yawan kashi shi ne yawan samu, saboda haka abin da za a warware a zama ɗaya sai a shimfiɗa shi a makonni, a maimaita magana ɗaya a falo uku, a sa jarumi ya yi ta tuƙa mota ana kiɗa. Wani lokaci ma ɗan wasa ya bar shiri a tsakiya, a kawo wata fuska a ce ita ce wadda muka sani. Na kuma lura cewa gidajen da ake nunawa sun koma na bene da manyan kujeru kusan duka, har ya zama da wuya a ga tsakar gida da turmi da rijiya, alhali kuwa mafi yawan masu kallo a irin waɗannan gidajen suke zaune.

Fassarar Indiya ba zan daɗe a kanta ba, domin ko'ina ana samun ta. Abin lura kawai shi ne a nan akwai tsofaffin da iyayenmu suka kalla a silima, irin su Sholay na 1975, a muryarsu ta asali, kuma hotonsu ya fi na tsofaffin Kano kyau nesa ba kusa ba, saboda masu su sun adana su sun gyara su.

Shafukan ƙarshe na littafin, waɗanda aka rubuta wa Nijar, su ne suka fi tsayar da ni, kuma a nan ne yabona da takaicina suka haɗu. Sunayen ba su cika shafi uku ba, yawancinsu ma wasannin kwaikwayo ne na ƙungiyoyin gida da bidiyon mawaƙa. Na tambaye shi ko yana da wani abu na Umaru Ganda, ya ce sunan cibiyar al'adu ta Yamai ya san shi da shi, bai taɓa sanin mai yin fim ba ne. Ban ga laifinsa ba, domin ba a koya wa tsaransa wannan ba. Na gaya masa cewa fim ɗin Ganda, Le Wazzou polygame, shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, kafin na kowace ƙasa, kuma Mustafa Alasan ya fara fim tun farkon shekarun 1960. Ya ɗauki biro ya rubuta sunayen a bayan littafin, ya ce, "Baba, ka ba ni lokaci, in dai suna intanet zan nemo su." Ya kuwa cika alkawari a kan wasu, kuma bai ƙara mini ko dala a kan kuɗin da aka saba ba. Wannan hali shi ne babban abin da zan yaba wa shagon da shi.

Na farko da ya samo shi ne Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan, na 1966, gajeren fim da bai wuce rabin sa'a da 'yan mintoci ba. Wani saurayi ne ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowa ya sauya suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da abin da suka gani a silima, har wasan ya kai ga zubar da jini a tsakaninsu. Zalika Sule, wadda ta rasu a 2021, tana cikin 'yan wasan. Na kalle shi da 'ya'yana samari, suka yi ta dariya da farko, daga baya dariyar ta ragu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tun shekaru kusan sittin da suka wuce wani ɗan ƙasar nan ya hango matsalar da muke tattaunawa a kowace fada a yau, wato yadda matashi yake ɗaukar abin da ya gani a allo ya sa wa kansa, kuma ya faɗe ta cikin raha ba tare da wa'azi ba.

Na biyu shi ne Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Daga littafin Abdullahi Mamani aka ɗauko shi, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da yadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne a wurin mutumin Maraɗi. Rundunar nan ita ce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, ta ratso ƙasarmu tana ƙone garuruwa, kuma a yankin Tasawa ta watse a watan Yuli na wannan shekarar, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sannan sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram, kuma da yawanmu mun wuce ta wurin a mota ba mu san abin da muke wucewa ba. Fim ɗin yana da girma da kwarjini, taron dawaki da mayaƙa da faɗin daji duk an ɗauke su da ƙwarewa, kuma yadda aka nuna haukan mulki yana cin shugaban rundunar sannu a hankali ya tsaya mini a rai kwanaki. Abu biyu ne suka rage mini jin daɗi. An ɗauke shi a Burkina Faso, bakin 'yan wasan kuma ba Hausa ba ne, saboda haka mahaifiyata da na so ta gani ba ta iya bin maganar ba sai da na riƙa fassara mata. Sannan a rabin ƙarshe Sarauniyar kanta takan ɓace na dogon lokaci, Turawan su cika allon. Na yi ta tunanin cewa masu fassara fina-finan Indiya, da irin gwanintar da suke da ita, da za su nemi izini su sa wa wannan fim muryar Hausa, da sun yi wa jama'ar ƙasar nan aikin da ba za a manta ba.

A cikin na kwanan nan, Zinder na A'isha Maki, wanda ya fito a 2021, shi ne ya fi girgiza ni. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne na unguwar Kara-Kara ta Damagaram, matasan da ake kira 'yan fale, suna magana da Hausarsu a kan rashin aiki da gidan kaso da ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Mai fim ɗin 'yar garin ce, kuma ana jin haka a yadda suka saki jiki da ita suka faɗi abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma tsine musu ba. Wanda ya san kwalaben fetur da ke jere a bakin titunan Maraɗi, ya san samarin da ke kwana a hanyar iyaka saboda su, zai ga 'ya'yan unguwarsu a cikin waɗannan fuskokin. Ban ba da shawarar a kalle shi da ƙananan yara ba, amma ina ganin ya kamata iyaye da malamai su gan shi.

Akwai waɗanda har yanzu bai samo ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kuma gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin ta Jamus a 2018, yana cikinsu, haka ma Zin'naariyâ na Rahmatu Keita na 2016, da fina-finan Ganda kansu.

Sauran aibobin shagon na aiki ne, kuma ana iya gyara su. Wasu tsofaffin fina-finan daga kaset ɗin da ya gaji aka kwafo su, hoton yana rawa, wani kuma kashi na biyu ne kawai ya rage, na ɗaya ya ɓata, ba a kuma rubuta haka a littafin ba. Na taɓa zuwa gida da fim na tarar ya yanke ana saura kaɗan ya ƙare. Da na koma ya sake tura mini wani kyauta, amma wanda ya zo daga ƙauye ranar kasuwa ba shi da wannan damar. Daga la'asar zuwa magariba cunkoso yana yawa, benci biyu ba sa isa, mata kuma sukan tsaya a waje saboda babu inda aka ware musu. Yaron da ke taimaka masa ba ya yin tambayar nan ta iyali, duk abin da yaro ya nuna a littafi tura masa yake yi, kuma na gaya wa mai shagon wannan baki da baki.

Magana mafi nauyi ita ce ta haƙƙi, kuma ba zan tsallake ta ba don ina jin daɗin wurin. Dala 10 da nake biya ba ta isa hannun wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ɗin, kuma irin wannan kwafar tana cikin abubuwan da suka kashe kasuwar faifai a Kano suka tura masu sana'ar zuwa YouTube, inda kallon da aka yi a can ne kaɗai ake lissafa musu. Na tayar masa da zancen, bai yi gardama ba. Ya ce yawancin masu zuwa wurinsa ba su da kuɗin intanet da zai ishe su kallon zango guda, wasu ma a garinsu layin waya da ƙyar yake kamawa, kuma da akwai wakilin masu fim a Maraɗi da zai riƙa karɓar wani kaso a ba shi takarda, da shi ne zai fara biya. Na yarda da gaskiyarsa, amma hakan bai sauke nauyin ba. Abin da nake yi a yanzu shi ne sababbin da masu su suka saka a tasharsu ina kallon su a can idan ina da hali, shagon kuma na bar shi don tsofaffi da waɗanda ba a samun su a wani wuri.

Wanda zai je, ya je da hantsi kafin cunkoso, ya tafi da memori mai wadataccen wuri, kuma kada ya tashi sai ya sa an buɗe masa farkon fim ɗin da ƙarshensa a kan kwamfuta ya gani da idonsa. Idan tsohon fim yake nema, ya tambayi mai shagon da kansa maimakon yaronsa, ko da kwatance ne kawai yake da shi. Idan kuma yana da tsofaffin kaset ko faifai a ajiye a gida, ya tafi da su, domin yana karɓa ya juye su a kwamfuta ya mayar wa mai su, kuma ta wannan hanyar ce aka samu da yawa daga cikin abin da ke littafin.